Lokacin shan ruwa a ƙasan allo: nazarin janyo bayanan intanet kai tsaye zuwa vMix

Mu ɗauki ƙaramar tashar talabijin a Kano, irin wadda ke da ɗakin gabatarwa guda, kyamara uku, da kwamfuta ɗaya mai ƙarfi da ke ɗauke da vMix, manhajar haɗa hoto ta kamfanin StudioCoast na Ostireliya. Saura mako biyu a kama azumi, shugaban sashen shirye-shirye ya nemi a sa zirin rubutu a ƙasan allo daga la'asar zuwa isha'i, a kuma maimaita shi da asuba. Zirin zai riƙa nuna sunan gari, lokacin shan ruwa, lokacin fitowar alfijir, zafin rana da ɗan hoton yanayi, na garuruwa shida: Maiduguri, Bauchi, Kano, Katsina, Kaduna da Sakkwato. Kowane gari zai tsaya sakan 8, zagaye ɗaya sakan 48 ke nan. Sharaɗinsa guda ne, kada a ɗora wa kowa aikin rubuta lambobi da hannu, domin mai haɗa hoto mutum ɗaya ne kuma shi ma yana azumi.

Buƙatar ba ta da aibu, kuma vMix na da abin yin ta. A cikinsa akwai sashen Data Sources da ke karanta Excel, CSV, Google Sheets, RSS, XML da JSON, ya zuba abin da ya karanta cikin guraben rubutu na zanen da aka yi da GT Title Designer. Kowane gurbi ana ɗaure shi da majiya, da ginshiƙi, da layi. Akwai kuma Auto Next, mai matsawa zuwa layi na gaba bayan adadin lokacin da aka sa masa, ya koma farko idan ya kai ƙarshe.

Haɗin farko

Aka yi haɗin da kusan kowa zai fara yi. Sunayen garuruwa na cikin fayil ɗin Excel a kwamfutar. Lokutan salla na cikin shafin Google Sheets, inda wani ɗan gajeren rubutun umarni na Apps Script ke tambayar Aladhan, shafin intanet mai ba da lokutan salla, lokutan kowane gari ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta layi. Yanayi kuwa an ba vMix adireshin Open-Meteo, shafin da ke ba da hasashen yanayi, kai tsaye, da lambobin wuraren shida a jere. Majiya uku, kowacce da nata Auto Next na sakan 8. Ranar gwaji komai ya zauna daidai, aka ɗauki hoton allon aka tura wa shugaba.

Matsala ta farko ta siffar bayanan ce. Sashen Data Sources tebur yake so, layi a kwance, ginshiƙi a tsaye. Amsar Open-Meteo kuwa akwati ce cikin akwati: zafin yanzu yana cikin current, hasashen kwanaki yana cikin daily a matsayin jerin ranaku a gefe guda, jerin mafi zafi a wani gefen, sai an haɗa na farko da na farko, na biyu da na biyu. Ana iya juya ta zuwa XML a bi ta da XPath, hanyar nuna inda kowane bayani yake a ciki, kuma hakan aka yi. Sai dai duk ranar da aka ƙara abu ɗaya a tambayar, ko mai bayanan ya sauya tsarin amsarsa, sai an sake zama a gyara hanyar.

Ta biyu ta yawan tambaya ce. An bar vMix yana sabunta majiyar kowane sakan, kira 86,400 ke nan a rana. Ƙa'idar Open-Meteo ga mai amfani kyauta ita ce ƙasa da kira 10,000 a rana, 5,000 a awa, 600 a minti. Ko da an ƙirga tambayar garuruwa shida a matsayin kira ɗaya, ana cinye rabon rana cikin awa biyu da minti 47. Daga nan sabar za ta riƙa mayar da lamba 429, wadda ke nufin ka yi yawa. Abin takaicin shi ne ba a samu komai da wannan gaggawar ba, tunda zafin yanzu na Open-Meteo duk minti 15 yake sauyawa, kira 96 a rana ya wadatar. Akwai kuma batun haƙƙi: damar kyautar ta wanda ba ya kasuwanci da bayanan ce, kuma lasisin CC BY 4.0 ya wajabta ambaton majiya. Tashar da ke karɓar kuɗin talla dole ta yi rajistar biya, ta kuma rubuta sunan majiyar a allo.

Ranar da layi ɗaya ya ɓace

Waɗannan biyun ana ganinsu, ana gyarawa. Wadda ta fi haɗari ita ce wadda ba ta nuna alama.

Wata yamma tambayar Bauchi ta gaza, wataƙila sabar ta yi jinkirin amsawa ne kawai. Rubutun Apps Script ɗin an tsara shi ne ya tsallake duk garin da bai amsa ba don kada aikin ya tsaya. Shafin lokuta ya koma layi biyar, fayil ɗin sunaye yana nan da layi shida, kowanne na zagayensa ba ruwansa da ɗan'uwansa. A tsakiyar watan Maris rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6:18 a Maiduguri, 6:32 a Bauchi, 6:37 a Kano, 6:40 a Katsina, 6:41 a Kaduna, 6:50 a Sakkwato. Ga abin da allo zai nuna a zagayen farko. Maiduguri ta fito da lokacinta daidai. Bauchi ta ɗauki na Kano, Kano ta ɗauki na Katsina, Katsina ta ɗauki na Kaduna. Bambancin minti biyar ne, minti uku, minti ɗaya, babu wanda zai lura a ɗakin sarrafawa, balle ga shi duk a makare suke. Kaduna ta ɗauki na Sakkwato. Da aka zo kan Sakkwato, shafin lokuta ya riga ya ƙare ya koma farko, sai aka rubuta mata 6:18, lokacin Maiduguri.

Minti 32 ke nan kafin rana ta faɗi a Sakkwato. Dalilin tazarar lissafi ne mai sauƙi: duniya na juya digiri ɗaya duk minti 4, Maiduguri na kan digiri 13.16 gabas, Sakkwato na kan 5.24, tsakaninsu kusan digiri 8, alhali agogonsu ɗaya ne. A mazhabar Malikiyya da mafi yawan mutanen yankin ke bi, wanda ya sha ruwa yana zaton rana ta faɗi alhali ba ta faɗi ba sai ya rama ranar. Mutumin da ke cikin ɗaki, ko majinyaci a asibiti, ko matar da ke kicin tana leƙen talabijin, abin da tashar ta rubuta shi zai gaskata.

Kuma kuskuren ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tunda ɗaya na zagaye da shida ɗaya da biyar, haɗin na sauyawa kowane zagaye, sai bayan mataki 30, minti huɗu cif, yake komawa yadda ya fara. A cikin minti huɗun nan kowane gari ya sanya kowanne daga cikin lokuta biyar da suka rage. Shi ya sa idan mai kallo ya bugo waya ya ce lokacin Kano ba daidai ba ne, mai haɗa hoto zai iya ɗaga kai ya ga wata lamba dabam da wadda aka faɗa masa, ya ɗauka mai kallon ne bai gani da kyau ba.

Ba laifin vMix ba ne, ba kuma na Aladhan ba. Kowannensu ya yi abin da aka ce ya yi. Laifin na tsarin ne da ya raba suna da lokacinsa, ya kuma ɗauka cewa matsayin layi shi ne shaidar gari. Ko ba a rasa layi ba, majiya uku masu agogo uku suna iya saɓawa idan aka sake loda ɗaya, ko wani ya taɓa layi da linzami bisa kuskure. Ƙa'idar da ba a sassauta ta ita ce duk abin da zai fito tare a allo ya zauna a layi ɗaya, cikin majiya ɗaya, da Auto Next ɗaya.

Bayanan da suka daskare

Wata matsalar mai shiru ita ce ƙarewar data. Manhajojin zane galibi suna riƙe abin da suka karanta na ƙarshe idan majiya ta daina amsawa, kuma a mafi yawan lokuta wannan alheri ne, don ya fi allo ya yi fari. Amma a nan cuta ce. A Kano cikin Maris lokacin faɗuwar rana da ƙyar yake motsa minti ɗaya a mako, don haka lambar jiya da ta shekaranjiya kamarsu ɗaya da ta yau. Zirin na iya daskarewa kwana biyu ba wanda ya sani, sai dai a ga an rubuta digiri 24 na sanyin asuba da ƙarfe biyar na yamma, ko azumi na 9 alhali ana na 11.

Akwai salon wannan da ya fi rikitarwa. Wani lokaci idan data ta ƙare, hanyar sadarwar kan mayar da mai tambaya zuwa shafin sayen data. Ga tambayar da ba ta bi ta HTTPS, hanyar intanet mai tsaro, ba, amsar na iya zuwa da lamba 200, wato lafiya lau, amma abin da ke ciki shafin HTML ne. Duk rubutun da ya tsaya a duba lambar amsa kawai zai ɗauka ya samu abin da ya nema.

Sai agogo. Open-Meteo na ba da lokaci a ma'aunin GMT sai an ƙara timezone=Africa/Lagos a tambayar, in ba haka ba komai na baya da awa ɗaya. Rubutun da ke gudana a sabar wani kamfani kuma yana iya lissafin "yau" da agogon wata ƙasa. Idan da UTC, wato agogon GMT, yake lissafi, tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya a Najeriya, a wurinsa har yanzu jiya ce. Kwamfutar tashar ma ba ta tsira ba: idan ƙaramin batirin CR2032 da ke kan allon uwarta ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta kafin janareta ya kama, tana iya tashi da kwanan watan da ya wuce, sai duk wata tambayar HTTPS ta faɗi saboda takardar shaidar sabar ba ta dace da ranar ba. Batirin ba shi da tsada. A sauya shi kafin azumi, a sa UPS, na'urar batir mai riƙe wuta, ga kwamfutar da rautar intanet duka biyu, a kuma tilasta daidaita agogo ta intanet da NTP duk lokacin da aka kunna.

Haruffa masu ƙugiya

Da aka ƙara kalmomin yanayi da Hausa, sai "ƙura" ta fito "Æ™ura", alamar digiri ta fito "Â°". Wannan ba lalacewar font ba ce. A tsarin UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99. Idan aka karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, na farko ya zama Æ, na biyu ya zama ™. Haka ɗ ke komawa É da dogon layi. Idan kuwa alamar tambaya aka gani a gurbin harafin, to tun wajen adanawa aka yi ɓarnar: zaɓin CSV na gargajiya a Excel ba ya iya ɗaukar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai an zaɓi CSV UTF-8. Idan ɗan akwati mara komai ya fito, ko harafin ya fito da siffa dabam da maƙwabtansa, a nan ne font ɗin ba shi da harafin. Noto Sans da Andika na SIL duk suna da su, manya da ƙanana. A gwada da manyan, Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ, domin su ne ba a cika tunawa da su ba.

Me ya cancanci zama kai tsaye

Kafin sake gini, tambayar da ya kamata a fara yi tun ranar farko ita ce, a cikin abubuwan nan wanne ne yake sauyawa da gaske ba tare da an sani ba? Lokutan salla lissafin taurari ne, ana iya sanin na wata guda tun kafin watan ya tsaya. Babu hujjar jingina su da lafiyar intanet ta kowace yamma. Aladhan na da hanyar karɓar jadawalin wata cikakke. A janyo shi sau ɗaya, a lura cewa a wannan hanyar lokacin kan zo da wutsiya irin "(WAT)" da sai an yanke, a buga a takarda, a kai wa malaman da ke fitar da jadawalin kowane gari su duba.

Dubawar tasu ba ladabi kawai ba ne. Hanyoyin lissafin alfijir sun bambanta: Rabiɗar Duniyar Musulunci, lamba 3 a Aladhan, tana ɗaukar digiri 18 ƙarƙashin sararin gabas, Ummul Ƙura ta Makka, lamba 4, digiri 18.5, hukumar safiyo ta Masar, lamba 5, digiri 19.5. A wuri irin Kano digiri ɗaya da rabi ya kai minti shida. Ga mai sahur minti shida ba ƙaramin abu ba ne. Injiniya ba shi da hurumin zaɓa wa jama'a, kuma barin manhaja ta zaɓa da kanta ya fi muni. Haka mintocin ihtiyaɗi da ake ƙarawa kan magariba: malamai su faɗa, a rubuta su cikin jadawalin, a kulle fayil ɗin.

Ƙirgar azumi ma haka. Kwanan watan Hijira da sabar ke bayarwa na lissafi ne. A Najeriya sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi take fitowa, bisa rahoton kwamitin duban wata. Maƙwabta ma kan bambanta: a 2024 Nijar ta yi ƙaramar salla ranar Talata 9 ga Afrilu, Najeriya ta yi ranar Laraba 10. Tashar da ake kallo a Maraɗi da Damagaram dole ta san wannan. Maganinsa layi ɗaya ne a fayil ɗin saiti, inda edita zai rubuta ranar 1 ga Ramadan da hannunsa bayan sanarwa, rubutun ya riƙa ƙirgawa daga nan, ya kuma tsaya a 29 har sai an tabbatar masa ko akwai 30.

Abin da ya rage kai tsaye shi ne yanayi kaɗai, kuma shi ma da gyara. Lambobin Open-Meteo daga samfurin hasashe suke, ba karatun ma'aunin zafi a tsakiyar gari ba ne, don haka kalmar "hasashe" ya dace a rubuta. Lambobin yanayin da yake bayarwa kuma sun ƙunshi garau, gajimare, raɓa mai rufe hanya, yayyafi, ruwa, tsawa da ƙanƙara, amma babu ta hazon ƙura. Ranar da hazo ya rufe Kano har mutum ba ya hango ƙarshen layinsu, zirin zai iya nuna rana tana murmushi. Wannan zai ƙara damun mu, domin azumi na matsowa da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, a 2024 an fara 11 ga Maris, a 2025 an fara 1 ga Maris, kuma hanyarsa cikin hunturu ta nufa. Ana cike giɓin da rahoton METAR na filayen jirgin sama, wanda ido da na'ura suka auna a wurin. Lambar filin Malam Aminu Kano ita ce DNKN, ta Maiduguri DNMA, ta Sakkwato DNSO. Idan rahoton ya ƙunshi HZ (hazo) ko DU (ƙura), ko nisan gani ya faɗo ƙasa da iyakar da tashar ta tsayar, a sauya hoton zuwa na hazo. Gargaɗin yanayi mai tsanani kuwa na NiMet ne, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, a bar shi ya bi ta hannun edita.

Sabon gini

Aka cire vMix daga intanet gaba ɗaya ta fuskar bayanai. Aka sa ɗan rubutun Python a tsakani, aikinsa tsaron ƙofa. Task Scheduler na Windows na tayar da shi duk minti ɗaya, ya yi aikinsa ya mutu. An fi son haka a kan rubutun da ke zagaye ba tsayawa, domin wanda ya maƙale a tsakar dare ba mai tayar da shi, wannan kuwa minti na gaba sabo ne zai tashi.

Duk tashinsa yana karanta jadawalin salla da aka kulle, ya ɗauko layin yau da agogon Africa/Lagos, bayan isha'i ya koma nuna alfijir ɗin gobe. Sai ya duba ko minti 15 sun cika tun janyo yanayi na ƙarshe. In sun cika ya tambaya, da iyakar jira ta sakan 5. In an ba shi 429 ko 503, lambar da ke nufin sabar ba ta iya amsawa yanzu, ba ya naci, yana ninka tazarar jira. In amsa ta zo, sai ta bi ta tankaɗe: JSON ce ta gaske, garuruwa shida ne cif, kowanne lambobin wurinsa sun yi kusa da waɗanda aka tambaya, zafin lamba ne tsakanin 5 da 50. Gurbin da ya zo babu komai ba a mayar da shi sifili, tunda digiri 0 a Kano ƙarya ce da ta fi gurbi wayam muni. Jadawalin sallar ma, duk da an kulle shi, yana shan tankaɗe: magaribar Maiduguri ta riga ta Kano, ta Kano ta riga ta Sakkwato, kuma babu garin da ya yi tsalle fiye da minti biyu daga jiya. Ba a sa Katsina da Kaduna cikin wannan jerin ba, saboda kusan layi ɗaya suke daga arewa zuwa kudu, wadda ke riga wata tana sauyawa da lokacin shekara.

Abin da yake fitarwa fayil ɗaya ne mai layi shida kullum, kowane layi kamar haka:

{"gari": "Sakkwato", "azumi": "11", "shan_ruwa": "6:50", "alfijir": "5:37", "zafi": "39°", "hoto": "C:/zane/rana.png"}

Komai rubutu ne da aka riga aka gyara, an cire ɗigon zafi, an sa alamar digiri, an juya lokaci zuwa yadda mutane ke faɗa. vMix ba ya lissafin komai, zubawa kawai yake yi. Ko ya karanta fayil ɗin kowane sakan babu wanda ya takura, tunda a kan faifansa yake.

Yadda ake rubuta fayil ɗin ma da magana. Idan aka buɗe shi aka fara zuba sabon abu a daidai lokacin da vMix ke karantawa, zai tarar da rabin JSON. Don haka ana rubutawa a fayil na wucin gadi cikin jaka ɗaya, a rufe, sannan a sauya suna da os.replace, wanda ke musanya tsoho da sabo a mataki guda. A Windows musanyar kan gaza idan wata manhaja na riƙe da fayil ɗin a wannan ƙiftawar, sai a jira kashi ɗaya cikin biyar na sakan a sake, har sau biyar.

Sai dokar tsufa. Yanayin da ya wuce minti 45 ba a sabunta ba, rubutun na share gurbin zafi ya sa hoto mara komai, lokutan salla su ci gaba da fita tunda ba su dogara da intanet ba. Idan kuwa tankaɗen jadawalin ne ya kama kuskure, zirin duka ake saukewa. vMix na sauraron umarni a tashar 8088 ta kwamfutar, kira ɗaya zuwa 127.0.0.1:8088/api da Function=OverlayInput2Out ya isa ya janye shi daga allo. An kuma yi wani ƙaramin zane da masu kallo ba sa gani, yana cikin tagogin mai haɗa hoto kawai, ɗauke da lokacin da rubutun ya yi aiki na ƙarshe kusa da agogon yanzu. Idan lambobin biyu suka rabu da fiye da minti biyu, ya san mai tsaron ƙofar ya kwanta.

Wannan tsarin bai keɓanta da vMix ba. Tashar da ke amfani da CasparCG, wanda gidan talabijin na Suwidin SVT ya ƙirƙira ya sake shi kyauta, za ta iya sa zanen HTML ya riƙa janyo bayanai da kansa, amma rami ɗaya za ta faɗa. Gara rubutun tsakani ya tura masa tatattun bayanai da umarnin CG UPDATE ta tashar 5250. Manyan tashoshi masu XPression na kamfanin Ross suna da DataLinq a wannan matsayin, sai dai shi ma ba zai san cewa Sakkwato na yamma da Maiduguri ba sai an koya masa.

An so a ƙara agogon da ke ƙirga sakan zuwa shan ruwa, aka ƙi, kuma ƙin ya yi daidai. Hoto na makara tsakanin ɗakin sarrafawa da gidan mai kallo, 'yan sakanni ta tauraron ɗan'adam, fiye da haka ta Facebook ko YouTube. Makara a magariba ba ta cutarwa, amma a alfijir tana nufin allon na cewa da sauran lokaci alhali ya wuce. Aka tsaya a kan awa da minti, aka ƙara gajeren rubutu a gefe: a tabbatar da kiran sallar garinku.

Zaman zirin a allo ya bi ƙa'idar EBU R 95 ta ƙungiyar gidajen watsa labarai na Turai, wadda ta ce a bar kashi 5 cikin ɗari ta kowane gefe. A hoton 1920 da 1080, ɗigo 96 ke nan hagu da dama, 54 sama da ƙasa. Da yake har yanzu akwai gidajen da dikodarsu ke yanke gefen hoto don ya cika tsohuwar talabijin mai faɗin 4:3, inda ɗigo 240 ke tafiya ta kowane gefe, an tattara sunan gari da lokacin shan ruwa a tsakiyar 1440, aka tura hoton yanayi gefe. Idan wani abu zai yanke, kada ya zama sunan garin.

Gwajin ƙarshe na ɓarna ne da gangan, ana yin sa da rana lokacin da zirin ba ya kan iska. A zare igiyar intanet a jira minti 46, a ga zafi ya ɓace lokutan salla sun tsaya. A goge layin Bauchi daga kwafin jadawalin, a ga zirin ya sauka gaba ɗaya. A ba rubutun shafin HTML a matsayin amsa. A mayar da agogon kwamfutar sha biyu da rabi na dare, a duba ko alfijir ɗin ranar da ta dace ya fito. A rubuta "Ƙura da hazo" a gurbin yanayi a kalli harafin farko. Sannan a kashe babban makunnin wutar ɗakin, a bar UPS ya ɗauka har janareta ya kama, a maimaita ba tare da UPS ɗin ba, a ga ko kwamfutar ta tashi da kwanan wata daidai, Task Scheduler ya tayar da rubutun ba tare da wani ya shiga da kalmar sirri ba, vMix kuma ya buɗe da zirin a sauke har sai mai haɗa hoto ya duba layi shida da idonsa ya ɗora shi.